Hannun Gwaggo a Kan Gilashi

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da yammacin da aka ɗauke ni hoto a Balad, tsohon garin Jidda. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na tuna sai in ji bayan wuyana ya yi sanyi kamar an ɗora min ƙarfe. In ina ba da labarin mutane dariya suke yi, ni ma ina taya su.

Na gama sakandare ban sami ci gaba ba, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta aiko a turo mata ni umara. Kowa a gidanmu ya san irin wannan umarar: ka yi ɗawafi, ka yi sa'ayi, jirgi ya tashi ya bar ka. Ita Gwaggo ta haura shekara goma a Jidda, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mata. Gyaɗa da yaji da kuka take sayarwa a bakin wani masallaci, muna kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Sa'alaba. Ta san garin lungu-lungu. Motar jawazat, masu kamen marasa takarda, tun daga kukan injinta take gane ta. Darasin farko da ta koya min ran da na sauka shi ne, “In kika ji an ce jawazat, kada ki tsaya neman takalmi. Takalmi ana saya, Jidda ba a saya.”

Mahaifiyata ce ta tayar da maganar hoto. Duk kaset ɗin da ta aiko ta hannun masu zuwa, ƙarshensa ɗaya ne: a aiko mata da hotona ta ga ko na rame. Ita ma Gwaggo abin ya yi mata daɗi, don ta daɗe tana son mutanen gida su ga inda Allah ya kai ta. Amma ta rantse ba za ta taka shagunan hoto na kan titi ba, masu ɗaukar mai kala. Ta ce fim ɗin yana zama a wurinsu, su wanke ko guda nawa suka ga dama, in ma ka yi kyau su manna ka a jikin gilashin shago kowa yana kallo. Wai har an taɓa kama wata mata da aka gane ta a haka. Ban san gaskiyar labarin ba, amma a cikinmu marasa takarda jita-jita ta fi jarida daraja.

“Akwai wani tsoho a Balad,” in ji ta. “A kan gilashi yake yi. Ƙwaya ɗaya tak, ba ta da ta biyu. Ya miƙa miki, kin tafi da fuskarki, ba ki bar wa kowa ba.”

Bayan la'asar muka je. Gidan irin tsofaffin nan ne na dutsen teku, masu tagogin katako da aka saƙa kamar faifai, matakalarsa kuwa siririya, mutum biyu ba sa giftawa. A can sama muka tarar da shi da matarsa. Hausawan Sudan ne, irin waɗanda kakanninsu suka taso hajji da ƙafa suka zauna a hanya. Hausarsu ta tsufa, kuma kafin su kai ƙarshen zance sun zame cikin Larabci. Su suna da takardunsu. Matar muka kira Hajiya, shi kuma Baba mai hoto. Abin da na fara gani a jikinsa yatsunsa ne, baƙi ƙirin har farce, kamar wanda ya yi lalle da tawada. Ya ce ruwan azurfa ne, kuma duk mai hoton da hannunsa yake fari maƙaryaci ne.

Kamarar wani akwati ne na katako a kan ƙafafu uku, da ciki mai naɗi kamar zugazugin maƙeri, da baƙin ƙyalle a baya. Na yi kuskuren tambayarsa ko tana aiki. Ai kuwa na tsokano tsuliyar dodo.

“Tana aiki? Ya bitti, 'yata, ke ce za a tambaya ko kina aiki. Wannan ta ɗauki fashoyin Turkawa, gwamnoninsu, a Sawakin ta Sudan tun ubana bai yi gemu ba. Wanda ya koya min, a wurin wani Ba'indiye ya koya, shi kuma a wurin waɗanda suka fara sana'ar. Abin da ake yi yanzu a kan titi hoto ne? Amai ne na inji. Ka danna, ya tofo.”

Daga nan ya shiga karatu. Ya ce masu hoton farko masu zane ne da suka gaji da buroshi suka ɗauki haske aiki. Ya ce a farkon abin a kan farantin ƙarfe mai walƙiya ake yi, sai ka karkata shi kafin ka ga fuska, daga baya aka koma gilashi. Ya ce mutanen da sukan daɗe a zaune a gaban akwati ba motsi, shi ya sa ba ka ganin haƙoran kowa a tsohon hoto, don ba wanda zai iya riƙe murmushi tsawon haka sai mahaukaci. Hajiya tana ta cewa, “Halas, ya isa haka, ya Haj, rana tana tafiya,” shi ko a jikinsa. Na lura ya daɗe bai sami wanda ya tambaye shi komai ba.

Hajiya ta shirya mu. Ta cire mana baƙaƙen abayoyinmu da rana ta ƙoɗar, ta yafa mana wasu masu aiki a baki, ta buɗe wani gwangwanin alawa cike da sarƙoƙi da awarwaro. Tagulla ce zalla, har ta fara kore. Ta ce kada mu damu, a kan gilashi duka gwal ne. A bayanmu akwai babban labule da aka zana fada a jiki, da ginshiƙai da lambu da wani tsuntsu mai dogon jela. Mu da ke layin banɗaki da gidaje shida, ga mu a ƙofar fadarmu.

Aka zaunar da ni a kujera mai hannuwa. Sai Baba mai hoto ya jawo wani dogon ƙarfe mai baki kamar gwafa, ya tsayar da shi a bayan kujerar, ya saka ƙeyata a ciki ya murɗa. Ya ce shi zai hana kaina rawa. Ƙarfen guda ɗaya ne, don haka Gwaggo za ta tsaya a bayana haka nan, hannunta a kan kafaɗata.

“Hajiya, za ki iya tsayuwa ba motsi?”

“Ni da nake yini a tsaye a kan gyaɗa? Yi aikinka, Baba.”

Ya shiga wani ɗan ɗaki mai duhu, ya fito da gilashin a cikin maƙunshin katako, yana warin asibiti. Ya ce gilashin a jiƙe yake da magani, in ya bushe ya mutu, kuma zafin Jidda ba ya jira. Ya zura shi a akwatin. Ba ya duba agogo. In ya cire murfin idon kamarar, salati yake ja a hankali, sai ya kai inda yake so ya mayar. Ranar kuwa mun ci lokaci da surutunsa, haske ya ragu, ya ce sai an ja salatin da tsawo.

“Kada wanda ya motsa. Ko ƙuda ya sauka a hancinki, baƙonki ne. Bismillah.”

Ya cire murfin. Bai yi nisa da salatin ba muka ji ihu daga ƙasa, muryar wata mata da Hausa, “Jawazat! Jawazat!” Sai gudu, da ƙarar farantai suna zubewa a lungu.

Hannun Gwaggo ya ɗan matse kafaɗata, ta ce, “Taso!” sannan na ji babu nauyinsa. Na ji ƙafarta a matakala. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta bi darasinta daidai.

Ni fa? Zan so in ce na yi tunani na ga zama ya fi. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Na yunƙura, ƙarfen ya riƙe ƙeyata, sarƙar ta sarƙe da bakinsa, ƙafafuna kuma suka zama kamar an cika su da yashi. Ga Baba mai hoto ya zaro min ido yana nuna ni da baƙin yatsa, bakinsa bai fasa salati ba. Tsoro biyu suka haɗu min, na jawazat da na tsohon nan, na rasa wanda zan bi, sai na daskare.

Na ji takun takalmi mai nauyi yana hawowa. Wani askari, wato jami'in jawazat, ya shigo, mai tauraro a kafaɗa da ƙaton gashin baki, yana haki saboda matakalar. Hajiya ta tare shi tana cewa, “Harim! Harim!” wato akwai mata a ciki. Ya hango ni fuska a buɗe, sai ya yi sauri ya kawar da kai, ya tsura wa bango ido. Mutumin da ya zo ya jefa ni a mota ya kai ni tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora, shi ne yake jin kunyar kallon fuskata.

Larabcina a lokacin na Islamiyya ne, ina tsintar kalma ɗaya in bar uku, sauran Hajiya ce ta fassara min daga baya. Ya nemi takardunsu. Hajiya ta miƙa. Sai ya nuna ni da haɓa ba tare da ya juyo ba.

“Wannan fa?”

“Jikata ce. Tana cikin takardar ubanta, yana wurin aiki.”

“To ta faɗi sunanta da na ubanta da bakinta.”

Dabararsu ke nan. Ba sunan suke so ba, harshen suke so su ji. 'Yar da aka haifa a Jidda da wadda ta sauka wata huɗu da suka wuce, kalma ɗaya ta raba su. Sai Baba mai hoto ya mayar da murfi ya juyo a fusace. Kada ku ɗauka ni yake karewa. Ina da tabbacin a wannan lokacin ya manta ni mutum ce.

“Ba za ta buɗe baki ba! In wannan bai fito ba sai na sake, kuma ba zan sake gyara zamanta ba. Kai ma ka girgiza min daɓe da wannan takalmin naka. Tsaya nan, kada ka taɓa komai.”

Ya zare gilashin ya shige ɗakin duhu ya ja ƙofa. Ya bar ni da askari da Hajiya.

Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai ina jin zufa tana bin bayana, ina jin kukan mata a ƙasa, ina ƙoƙarin tsinto muryar Gwaggo a ciki ina kuma roƙon Allah kada in ji ta. Askarin ya gaji da kallon bango, sai ya fara zagaya akwatin. Ya shafa katakon. Ya ce wa Hajiya akwai hoton kakansa a gidansu, da takobi, an ce da irin wannan aka ɗauka. Ya ɗaga baƙin ƙyallen ya cusa kansa. Sai ya cire murfin da hannunsa, na ji ya tuntsure da dariya a ciki.

“Subhanallah! Kanta a ƙasa, ƙafarta a sama!”

Ashe haka akwatin yake nuna mutum, a kife. Wanda ya ƙi kallona a miƙe, ya ƙare min kallo a juye, kuma da alama a wurinsa wannan bai shiga lissafin haramun ba.

Baba mai hoto ya fito da gilashin a cikin tasa, ruwa yana ɗiga. Ya ɗora shi a kan baƙin ƙyalle, sai ga hoto ya tashi. Ni daga inda nake ba na gani, amma na ga fuskar askarin ta canja. Ya nuna wani wuri.

“Hannun wa ye wannan?”

Gwaggo ba ta fito a hoton ba. Duk wanda bai daɗe a gaban gilashin ba, ba ya kama shi. Inda ta tsaya sai wani hazo-hazo, ana hango ginshiƙin fada ta cikinsa. Amma hannunta, da yake ya ɗan jima a kafaɗata, ya fito: yatsu huɗu da awarwaro, ba su haɗe da kowa ba.

Na ga Baba mai hoto ya buɗe baki, kuma na san gaskiya zai faɗa, da bayani mai tsawo a kan haske da motsi. Hajiya ta riga shi.

“Ya waladi, ɗana, gidan Balad ne fa. Mu kaɗai kake zaton muna zaune a ciki? Wani lokaci sukan fito a gilashi. Ba sa cutarwa in ba a tsananta tambaya ba.”

Askarin ya ja da baya, ya yi a'uziyya, ya tofa a gefen hagunsa. Amma idonsa bai bar gilashin ba. Ya kalli sarƙoƙin da suka zama gwal, ya kalli fadar, ya gyara gashin bakinsa. Sai ya ce, a hankali kamar yaro mai roƙon alawa, ko za a iya yi masa irin na kakansa.

Ban taɓa ganin farin ciki irin na tsohon nan ba. Nan da nan ya kwance ni kamar ana sauke kaya daga kan jaki, ya ce in matsa. Askarin ya ce, “Ta tsaya nan, ban gama da ita ba.” Na tsaya a gefe jikin bango. Aka zaunar da shi a kujerata, aka saka ƙeyarsa a gwafar, aka murɗa har sai da ya ce wash. Aka gyara masa hula, aka ɗaga masa haɓa. Aka kawo sabon gilashi.

“Ko ido kada ka juya. Haske ya tafi, wannan zai daɗe. In ka motsa, fuska biyu za ka fito da ita.”

Ya cire murfi, ya kama salati. Hajiya ta kamo hannuna. Ƙofar da ke fita soron gidan tana bayan labulen fada, ta ɗaya gefen, kuma babu hanyar zuwa sai ta bayan kujerar, a gaban idon kamara. Na tirje. Ta mintsine ni ta raɗa min, “Yalla, mu je, gilashin ba ya kama mai tafiya.” Muka bi ta bayansa ba takalmi, kusa har ina jin warin turarensa. Na ga kunnensa ya motsa. Ya ji mu sarai. Amma an ce masa zai fito da fuska biyu, ga shi yana son ya yi kama da kakansa. Bai juyo ba.

Daga soro Hajiya ta tsallakar da ni katanga zuwa gidan maƙwabta, wasu mutanen Yaman, suka saka ni a ɗakin girki. Daga baya Hajiya ta ce da aka gama ya tambaya ina yarinyar, ta ce ta shiga alwala, ga motarsu tana ta hon a ƙasa, ga hotonsa ya fito da kyau kamar wani sarkin yaƙi. Ya naɗe abinsa a hankici ya sauka yana riƙe da shi da hannu biyu. Nakan yi tunanin har yau yana rataye a wani falo, jikoki suna nuna shi, ba wanda ya san akwai mace marar iƙama tana wucewa a ciki.

Gwaggo kuwa a bakin ƙofar gidan suka cafke ta. Ta sauko a guje ta faɗa hannunsu, don motar a nan ta tsaya. Ta yi makonni a tarhil, aka sa ta a jirgi. An ce sun karɓi sarƙoƙin sun duba, suka mayar mata. Haka ta sauka Kano, ba jaka, ba takalmin kirki, wuya da hannu cike da tagullar Hajiya, 'yan unguwa suna ta zuwa ganin wadda ta dawo da gwal. Ta riga hoton isa gida da wata biyu.

Na karɓo gilashin a wurin Hajiya, na aika da shi ta hannun wata mai komawa, a naɗe cikin zani. Mahaifiyata ta aiko kaset tana kuka don daɗi. Ta ce ban rame ba, ta ce ta ga natsuwa a fuskata irin wadda ba ta san ni da ita ba, idona a buɗe tar kamar na matar gwamna, lallai Jidda ta karɓe ni. A ƙarshen kaset ɗin aka ba Gwaggo ta yi magana. Ta ce, “'Yar nan, na ga hoton. Shekara goma sha ina Jidda, abin da ya rage nawa a can hannu ne. Ki riƙe min wurina a bakin masallaci, kada 'yar Nijar ɗin nan ta shige.”

Na riƙe mata. Yanzu ni ce a kan gyaɗar, kuma labarina ya zaga har ya dawo min da ƙari. Wai ni ce yarinyar da ta zauna daram ta kalli askari ido cikin ido. Sababbin zuwa sukan zo su tsuguna a gefena su ce, “Yaya, koya mana yadda ake yi in sun zo.” In ce su gudu, ga Gwaggo. In ce su zauna, ai ni ba zama na yi ba, ƙafata ce ta ƙi tashi. Wadda ta san kukan motarsu, ta san kowane lungu, ta bi ƙa'ida daidai, ita ce ke Kano. Matsoraciyar da aka ɗaure wa wuya ita ce ake tambaya dabara.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koya shi: in ka ga wanda ya tsira, kada ka ɗauka ya fi wanda aka kama wayo ko zuciya. Sau da yawa bambancinsu bai wuce wanda aka ba kujera da wanda aka ce ya tsaya ba. Shi ya sa na daina yi wa waɗanda aka kora dariya, na kuma daina karɓar yabo. In an dame ni da tambaya, nakan auna wa mai tambayar gyaɗa in ce ta yi addu'a, don ni ma har yanzu in na ji an taka matakala da ƙarfi, ban san abin da ƙafafuna za su zaɓa ba.